Wanda Ya Ari Sunana a Wagadugu

Kwana huɗu muka yi a hanya kafin mu ga Wagadugu, biyu daga ciki a gindin wata tsamiya gaba da Fada Ngurma, inda motar ta karya aksul. Lokacin ƙasar ba ta ma koma Burkina ba, Ot-Bolta ake ce mata. Ba zan tsaya kan yadda na baro Kaduna ba. Masaƙar da nake aiki ta rage ma'aikata, sunana ya fito a jeri, matata Rabi tana da ciki wata uku, shi ke nan. Abin da na ɗauko shi ne akwatin ƙarfe, da jakar sifanu, da takardun shaidata guda uku a naɗe cikin leda, sai adireshin wani mutum mai suna Ladan. Ya taɓa zuwa masaƙarmu sarin yadi, aka zaga da shi ɗakin wuta, ya tarar da ni ina aiki. Ya daɗe a tsaye yana kallo, sannan ya ce a garinsu ruwa a jallo ake neman irina.

Aikin nawa ba kanikanci ba ne sosai, ko da yake hannuna ba ya rabuwa da baƙin mai. Kowane babban janareta yana da wata na'ura da muke kira gwamna. Shi ke sauraren gudun injin. Idan an ɗora wa injin kaya ya fara sanyi, gwamna ya ƙara masa mai. Idan an sauke kayan ya nemi zabura, ya rage. Kusa da shi akwai wata 'yar na'ura, mai gadi muke ce mata, aikinta guda ɗaya ne tak: ranar da gwamna ya kasa, injin ya wuce gudun da aka yanka masa, ta datse mai gaba ɗaya. Waɗannan biyun na yi shekara uku ina karantawa, na yi bakwai ina yi wa hidima.

Da muka sauka a tasha ban san ko kalma ɗaya ta Faransanci ba. Na nuna wa mutum uku adireshin, kowa ya girgiza kai ya wuce. Wata mai sayar da zom-kom, wani farin abin sha na gero mai kama da fura da aka tsinka, ita ta ji ina gunaguni da Hausa. Ta miƙo mini ƙoƙo ɗaya, ta ƙi karɓar komai, ta nuna wata hanya da haɓa ta ce, "Zango." Na ɗora akwati a ka na bi.

A Zango aka kai ni gidan Baba Sidi, don shi ke saukar da baƙin Kano da Katsina. Tsoho ne dogo mai farin gemu, yana da rumfar yadi a kasuwa. Kakansa ya zo da jakuna ɗauke da goro a kan hanyar komawa Katsina, ya ce zai huta damina ɗaya, aka binne shi a nan bayan shekara arba'in. Baba Sidi bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma Hausarsa irin ta tsofaffin da na sani a ƙauyenmu ce, sai dai an yayyafa mata Faransanci. Wutar lantarki kuran suke ce mata, masana'anta izin, janareta kuwa grup.

Ya karanta adireshin ya ce, "Ladan ɗan gidan nan ne na uku da mu. Mushe Ladan ake ce masa yanzu."

Na ce, "Mushe, Baba?"

Ya yi dariya har ya yi tari. "Ba irin naku ba, ɗana. Nan duk mai kwat mushe ne, malam ke nan da Faransanci."

Ya ba ni ɗakin da ke jikin zaure, matarsa Inna Adiza ta aiko da ruwan wanka da shinkafa da wake. Na ci, na yi sallolin da ake bina, na kwanta a tabarma jikina yana ci gaba da rawar mota.

Washegari Mushe Ladan ya zo a kan mobilet, ɗan ƙaramin babur, da kwat mai ruwan toka da ƙamshin turare. Ya rungume ni kamar ɗan uwa. Ya ce akwai wani izin da ake matse man 'ya'yan auduga a can bayan unguwar Tampuy, shi ke riƙe da kwangilar kula da wutarsu, grup biyu manya, kuma ni zan zama injiniyan wurin. Sai ya miƙo hannu.

"Kawo takardun. Sai an juya su zuwa Faransanci an buga musu hatimi. Sati biyu, wala, an gama."

Na ba shi. Har yau ina iya ganin yadda ya naɗe ledar ya zura a aljihun ciki.

Baba Sidi ya ara mini wani tsohon keke, na fara fita bayan asuba. Garin nan kekuna da babura sun fi mutane yawa a idona, ga jar ƙasa da ke shiga har cikin haƙora. A ɗakin injin na tarar da Rasmane, ɗan ƙabilar Mosi, ya girme ni da kamar shekara goma sha biyar. Bai yi makaranta ba, amma yana ɗora sukundireba a jikin injin ya kara kunne ya gaya maka abin da ke damunsa. Hausarsa ta kasuwa ce, tana isa a sayi albasa, ba ta isa a yi bayanin gwamna. Sai muka koma magana da hannu da zane a ƙasa. Shi ya koya mini in an gaishe ni in ce laafi bala, lafiya lau ke nan. Da rana yakan buɗe kwanon tuwonsa ya turo tsakaninmu ba tare da ya kalle ni ba, kamar wanda ya ajiye shi bisa kuskure.

Sati biyu suka zama wata biyu. Duk lokacin da na tambayi takardu, Mushe Ladan ya ce suna biro, wato ofishin hukuma, mai sa hannu ya yi tafiya, mai hatimi ba shi da lafiya. Ranar biya kuwa a layin leburori nake tsayawa. Ya ce na wucin gadi ne.

Akwai wani saurayi mai farar riga da nakan gani a ofis, ƙanin Mushe Ladan. Yakan leƙo ɗakin injin sau ɗaya a rana, ya tsaya a bakin ƙofa don kada mai ya taɓa shi, ya tambaye ni ko komai lafiya, ya rubuta a littafi. Wata rana na ji an ƙwala kira a tsakar izin, "Mushe Abubakar!" Na amsa, don sunana ke nan na yanka, Abubakar Sule, ko da yake Habu kowa ke ce mini. Leburori suka bushe da dariya. Mai farar riga ya fito daga ofis ya tafi wurin mai kiran. Na ce a raina, ashe takwarana ne. A Zango kuwa na sha jin uwarsa tana kiransa Isa, amma ban haɗa biyun ba. Gajiya tana rage wa mutum wayo.

A wata na biyar gaskiya ta fito, ta hannun akawun izin, Madam Odil. Kirista ce, ta tashi a Tiendpalogo, maƙwabtan Zango, Hausa a bakinta kamar a ciki aka haife ta. Leburori dangwale suke yi a littafinta. Ranar tawadar dangwale ta bushe, sai na karɓi biro na sa hannu. Ta kalli sa hannun, ta kalle ni. Washegari lokacin da mutanen ofis suka fita cin abinci ta aiko a kira ni. Ta tura ƙofa, ta buɗe wani fayil a gabana.

Takarduna ne, duk ukun. Sunana, da makarantata, da sa hannuna a ƙasa. A kusurwar da hotona yake an ɓamɓare shi an manna na Isa.

Ta ce, "Malam, tun kafin ka zo mai izin ya ce ba zai sabunta kwangila ba sai an kawo mai takarda. Ga mai takardar da aka kawo masa."

Na ce, "Ni kuma wane ne a littafinku?"

Ta juya shafi ta nuna mini. Habu, lebura.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ba fushi ne ya fara zuwa mini ba, wata irin kasala ce.

Na tari Mushe Ladan a ƙofar gidansu bayan la'asar. Bai ko ji kunya ba. Ya kashe mobilet ya ce, "Bon, Malam Habu, saurare ni. Kai baƙo ne, ba ka da katin zama. Ba a ba baƙo wannan muƙami a nan. Aro na yi, ba sata ba. Takardun suna aiki, kai ma kana aiki, kowa yana ci. In ka tayar da magana, wa kake jin za a fara kamawa?"

Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa game da dokar. Abin da na sani, ba zan iya komawa Kaduna ba tare da takardun nan ba, don ba mai ɗaukata aiki da baki. Na gaya wa Baba Sidi. Ya ajiye carbinsa, ya sa babbar riga ya tafi gidansu Ladan da kansa. Ya dawo da alkawari: da zarar an gama kakar auduga za a mayar mini. Na ga yadda abin ya yi masa nauyi. Uwar Ladan da Inna Adiza tare suka yi ƙuruciya, bikinsu ɗaya, makokinsu ɗaya. Ni kuwa jiya na zo.

A cikin wannan hali wasiƙa ta iso daga gida, ta hannun wani ɗan kasuwar Kano. Ta yi sati shida a hanya. Rabi ta sauka lafiya, mace, an sa mata sunan mahaifiyata, Hajara. An yi suna, an yanka rago da ƙanina ya saya, an watse, duk ina nan ina goge baƙin mai da tsumma. Na karanta a zaure na ninke na sa a aljihu, ban gaya wa kowa ba. Amma ɗan kasuwar ya riga ya faɗa a cikin gida. Da safe sai na ji ƙamshin masa. Inna Adiza ta tara matan layi biyar ko shida, an soya masa, an dama kunu, Baba Sidi ya kira liman ya yi addu'a ya ambaci sunan yarinyar, aka raba goro.

Inna ta leƙo ta bayan labule ta ce, "Uban Hajara, ka ci mana. Ba a yin suna uba yana zaune da yunwa."

Na ci, hawaye yana sauka a cikin kwanon. Ba wanda ya nuna ya gani.

Da zafi ya kama, aikin izin ya kai maƙura, sai grup na biyu ya fara ciwo. Gudunsa ya riƙa hawa yana sauka kamar numfashin mai asma, ƙwayayen lantarki su yi haske su dushe, allurar mita tana lilo. Na san ciwon. Sandar da ke haɗa gwamna da famfon mai ta cinye, tana maƙalewa, man cikin gwamnan kuma ya yi dauɗa. Duk lokacin da injin ya zabura, mai gadi ta yi aikinta ta datse mai, izin ya tsaya cik, 'ya'yan auduga su cushe a cikin injin matsa, a kwashe sa'a guda ana tonowa. Wata rana sau huɗu.

Na ce wa Mushe Ladan a ba ni kwana biyu in sauke gwamnan in gyara. Ya ce kwana biyu a tsakiyar kaka, mai izin zai kore su. Washegari na zo na tarar an ɗaure hannun mai gadi da wayar ƙarfe, yadda ko injin zai tashi sama ba za ta iya motsi ba. Na kwance. Kashegari na tarar an sake ɗaurewa, an rufe murfinta da kwaɗo. Isa yana tsaye a bakin ƙofa da makullin a hannu.

Na ce, "Isa, ka san abin da ka ɗaure?"

Ya ce, "Abin da ke kashe mana kuran. Yaya ya ce a bar shi haka har ƙarshen wata."

Na rubuta takarda da Turanci, na bayyana ciwon da abin da zai iya faruwa, na sa hannu na kai wa Madam Odil. Ta buga mata kwanan wata ta sa a fayil. Sannan na koma ɗakin injin. A nan ne laifina yake, kuma ban taɓa ɓoye wa kaina ba. Kamata ya yi in ce ba zan tayar da shi ba. Amma na tuna takarduna, na tuna ƙarshen kaka saura sati uku, na ce Allah zai kiyaye. Da hannuna na tayar da injin nan, kwana tara a jere.

Rana ta goma, bayan azahar, babban bel ɗin injin matsa ya tsinke, makunnin wutar izin ya faɗi, kaya duka ya sauka daga kan grup a lokaci guda. Gwamna ya nemi rage mai, sandar ta maƙale. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Ta fara daga gurnani ta koma kuka mai tsini, ƙasa tana rawa, sifanu suna zubowa daga bango. Injin da ya gudu haka ba ya tsayawa sai ya tarwatse, kuma bayan bangon akwai mata kusan ashirin suna ɗinke buhu. Na ruga na rufe famfon dizal, amma wanda ke cikin bututu ya isa ya kashe mu duka. Na ɗauki guduma ina dukan kwaɗon. Ta gefen ido na ga Rasmane ya fizge murfin matatar iska, ya ɗauko wani faifan katako da muke zama a kai, ya kifa a bakin da injin ke shaƙar iska. Injin ya zuƙe katakon da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Ya yi tari, ya yi baƙin hayaƙi, ya mutu.

Sai na ji Rasmane yana cewa a hankali, "Habu. Habu. Zo."

Hannunsa na dama yana tsakanin katakon da bakin ƙarfe. A asibiti aka cire masa yatsu uku.

Kwana biyu bayan haka 'yan sanda suka zo Zango. Mai izin ya kai ƙara, an buɗe fayil, an ga injiniyan da ke da alhakin grup sunansa Abubakar Sule. Isa ya riga ya hau jirgin ƙasa ya yi kudu. Mushe Ladan da kansa ya rako su har ƙofar Baba Sidi, ya nuna ni ya ce, "Ga Abubakar Sule. Ku tambaye shi, ba zai musa ba."

Ɗan sandan ya tambaya, Baba Sidi ya fassara. Na ce sunana ne. Wata bakwai ina neman a mayar mini da shi, ga shi an kawo mini har gida.

Kwana shida na yi a komisariya, ofishin 'yan sanda, a ɗaki ɗaya da ɓarayin kekuna da wani mahaukaci mai waƙa. Ana yi mini tambaya da Faransanci, ina amsawa da Hausa, wani ɗan sanda da ya yi zama a Yamai yana juya abin da ya ga dama. Kullum da hantsi Baba Sidi yana zuwa da kwanon Inna a hannu, ya rufe rumfarsa, ya zauna a benci a waje har a kore shi. A rana ta huɗu ya ce mini ta tagar ƙarfe, "Na je gidansu Ladan na gaya wa uwarsa abin da zan faɗa a gaban hukuma. Ta yi kuka. Adiza ma ta yi. Amma a gidana aka kama ka."

Madam Odil ta kawo fayil ɗin da takardar da na rubuta. Kwamishina ya sa aka ba ni biro na sa hannu sau uku a gabansa, ya gwada da na jikin takardun. Ya sa wuƙa ya ɗaga gefen hoton Isa, ya ga ragowar wani hoton a ƙasa. Sai kuma ga Rasmane, an kawo shi a bayan keke daga asibiti, hannu a naɗe an rataye a wuya. Ya yi magana da Mosanci mai tsawo, yana nuna ni da haɓa. Ban ji ko ɗaya ba. Daga baya na tambayi Madam Odil abin da ya ce, ta ce, "Cewa ya yi ka kwance wayar, aka sake ɗaurewa." Bai faɗi cewa ni na tayar da injin ba. Ya sani, yana tsaye a gefena duk kwana taran.

Aka sake ni, aka miƙo mini takarduna, kowace da tabon gam a kusurwa. Mushe Ladan ya rasa kwangila, ya kwana biyu a tsare, manyan unguwa suka shiga tsakani, ya fito. Muka ci gaba da haɗuwa a masallaci, sahu ɗaya wani lokaci. Uwarsa ta daina shiga gidan Baba Sidi. Inna Adiza ba ta taɓa ce mini komai a kai ba, amma na lura ta rage dariya.

Na ɗaure akwatina. Na riga na tambayi ranar da motar Yamai ke tashi. Sai mai izin ya aiko kirana. Wannan ne karo na farko da na gan shi, wani gajeren mutum mai tabarau, ya gaji shi ma. Madam Odil tana fassara. Ya ce in karɓi aikin da sunana, zai nema mini katin zama. Na ce na gode, gida zan tafi, ina da 'yar da ban taɓa gani ba. Har na miƙe sai na tambayi abin da za a yi da Rasmane.

Ya buɗe hannuwa. Ya ce an biya asibiti, za a ba shi ɗan abin sallama. Makaniken da ba ya iya riƙe sifana, me zai yi a ɗakin injin?

Na fito na hau keke na tafi Tampuy. Na sami Rasmane a gindin mangwaro a ƙofar gidansa, yana ƙoƙarin ɗaure igiyar akuya da hannun hagu da haƙori. 'Ya'yansa shida ne, babban bai kai aure ba. Ya ga ni ya yi murmushi, ya ce, "Laafi?" Na ce laafi bala. Muka zauna. Ba mu da yaren da za mu yi maganar da ke tsakaninmu, sai muka kalli akuyar.

A hanyar dawowa na tsaya a bakin titi na daɗe, kekuna suna wuce ni. Ina son gida kamar raina zai fita. Amma na san akwai aiki ɗaya a ɗakin injin da ba ya bukatar yatsu goma: tsayawa gaban allon mitoci, karanta allurai, haɗa grup biyu su yi tafiya tare, sanin lokacin da gwamna ya fara ciwo tun kafin ya kwanta. Wannan ido yake so da kunne, kuma kunnen Rasmane ya fi nawa. Abin da ya rasa lambobi ne.

Na koma wurin mai izin na ce zan zauna shekara ɗaya, da sharaɗin Rasmane ya zauna tare da ni, in na tafi kuma allon ya zama nasa. Ya yi tunani ya ce dakor, wato ya yarda.

Na rubuta wa Rabi. Amsarta ta zo layi huɗu, babu faɗa a ciki, abin da ya fi faɗa ciwo.

Shekarar ta zama wata goma sha shida. Na sauke gwamnan na gyara cikin kwana biyun da na roƙa tun farko. Sauran lokacin duk a kan Rasmane ya tafi. Mutum mai shekara kusan hamsin yana koyon lamba da alli a bayan ƙofa, yana riƙe allin tsakanin babban yatsa da ɗan ƙaramin da ya rage. Yakan yi fushi ya jefar ya fita, in ba shi lokaci ya dawo. Ni ma nakan gaji in yi masa tsawa da Hausar da ba ya ji. Ranar da ya haɗa grup biyu shi kaɗai, ina tsaye a baya hannuwana a aljihu, ƙwai ko ƙiftawa ba su yi ba. Ya juyo ya kalle ni, na gyaɗa kai. Da yamma na je tasha na tambayi mota.

Baba Sidi ya raka ni har bakin titi, ya ba ni turmin atamfa in kai wa Rabi, ya ce in na bi ta Katsina in duba masa ko garin yana nan. Ban sake ganinsa ba. Na ji labarin rasuwarsa a bakin 'yan kasuwa, shekaru bayan haka.

Na isa Kaduna da hantsi, ranar Talata. Rabi tana wanki a tsakar gida. Ta ɗago ta gan ni, ta ci gaba da matse zanen da ke hannunta har ta gama, ta shanya, sannan ta ce, "Sannu da zuwa." Wata 'yar yarinya mai kitso biyu tana riƙe da gefen zanenta. Na durƙusa na miƙa hannu na kira sunanta. Ta dube ni daga hula har takalmi, ta tsala ihu ta ɓuya a bayan uwarta.

Rabi ta ce, "Ba ta saba da baƙi ba."

Na ce ba komai. Na ajiye akwatin, na zauna a kansa daga nesa inda ba zan tsorata ta ba, na fara kwance igiyar takalmina.